Yadda Na Mayar da Ɗaki Ɗaya Huɗu

Ko da zan manta ranar da na fara sa ƙafa a Abuja, ba na jin zan manta ranar da mata tara suka sauko daga bas a ƙofar gidan hayarmu a Karu, kowacce da jakarta, suna tambayar ina ɗakin baƙi. Shekaru sun ja yanzu, na yi aure har da 'ya'ya biyu, amma duk sanda na ɗaga waya zan ɗauki bidiyo sai abin ya faɗo mini a rai. Wani lokacin in yi dariya ni kaɗai, wani lokacin kuma dariyar ta ƙi zuwa.

A lokacin ina tsaron shagon ubangidana, wani ɗan Kano, a kasuwar Wuse, muna sayar da caja da batir da sauran tarkacen waya. Shekarata ta farko ba ni da wurin kwana na kirki. Labarin ya kai kunnen Inna a garinmu can wajen Funtuwa, wanda ya kai shi kuma ya zuba masa gishiri, ya ce a kan kwali nake kwana ɓeraye na bi ta kaina. Kwalin dai gaskiya ne, ɓerayen ne ba su kai yawan da ya faɗa ba. Tun daga nan hankalin Inna bai sake kwanciya ba. Da Allah ya taimake ni na kama ɗaki ɗaya a Karu na faɗa mata, sai ta ce ba ta yarda ba sai ta gani. Ta ce in ɗauka a waya in tura wa ƙanwata da ke aure a maƙwabtanmu, ita za ta nuna mata.

Wata ranar Lahadi da ba mu fita kasuwa ba na ɗauki waya na zagaye ɗakin. Ina cikin kallon abin da na ɗauka a bakin ƙofa sai ga maƙwabciyata ta dawo daga coci. 'Yar Filato ce, mai kitso, ɗakinta na kallon nawa, duk gidan Sista muke ce mata. Ita ce gwanar bidiyo a layinmu, kitson da ta yi take ɗauka tana sawa a waya, da shi take samun masu zuwa. Ta leƙo ta kafaɗata, ta kalla, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Oga, wannan ɗaki ne ko ofishin 'yan sanda? In Mama naka ya ga wannan, zai yi kuka fa."

Na ji haushi, amma gaskiyarta ce. Hoton ya yi duhu, yana rawa, ga hazo ya rufe komai, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da numfashina. Bokitin wanka ne ma ya fi fitowa sosai.

Ta ajiye jakarta ta karɓi wayar. Abu na farko da ta yi, ta goge idon kyamarar da bakin zanenta, ta nuna mini. Ashe hazon nan maiƙon ƙosan da na ci ne da safe. Ni da nake sayar da kayan waya a Wuse! Ta ce in yaye labule, in buɗe ƙofa, in juya wa taga baya, don wanda ya fuskanci haske da kyamara duhu zai ɗauko. Ta sa na kashe fanka, na fitar da bokiti da takalma, na ninke bargo. Ta ce in riƙe wayar da hannu biyu, in manna gwiwar hannuna a haƙarƙari, in yi tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwanon miya cike. In ina son abu ya fito kusa, in taka in matsa, kada in ja shi da yatsa. Sannan ta tura ni lungun ɗakin, ta ce in ɗan durƙusa, ta taɓa wani wuri a fuskar wayar, sai ga ɗakin nan ya buɗe ya yi faɗi.

Da na kalli na biyun, wallahi sai da na waiwaya na dubi ɗakin in tabbatar nawa ne. Fes, ga haske, ga katifata da dardumata da ɗan rishona, komai a wurinsa, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da na tura wannan na yi shiru, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

To amma sai Sista ta ƙara mini da wata dabara da ban roƙa ba. In za ta nuna kai kafin kitso da bayan kitso, sai ta rufe kyamarar da tafin hannu, ta tsayar, in ta gama kitson ta sake farawa da hannun a rufe, ta janye. In ta haɗa biyun a manhajar yanka bidiyo, sai ka ga kamar ƙiftawar ido aka yi kitson. Ina kallo, shaiɗan na raɗa mini a kunne. Na ce a raina, abin da tafin hannu ya yi, ai ƙyauren ƙofa ma zai yi. In matso da wayar jikin ƙofa har hoton ya yi baƙi, in tsayar, in canza kayan ɗakin, in sake farawa daga jikin ƙofar in buɗe. Wa zai ce ba wani ɗakin na shiga ba?

Lahadin da ta biyo baya na tashi da aiki tun da hantsi. Na kwashe kayana kaf na zube a baranda. Na aro kujerar kushin ɗin Sista da kafet ɗinta da talabijin ɗinta, na jera, na ɗauka: falo ke nan. Na fitar da su, na jera akwatunan lemo na ɗora katifata a kai, na saki zanin gado har ƙasa ya rufe su: ɗakin kwana ke nan. Na sake kwashewa, na shigo da teburinta da tukunyar gas da tukwanenta masu sheƙi, na karɓo kwalayen madara da na taliya a wurin mai shagon bakin layi, duk babu komai a ciki, na tara su a gefe: kicin ke nan. Zuwa lokacin gumi ya jiƙa ni sharkaf, 'yan gidan sun fito sun tsaya suna kallon ikon Allah.

Ya kamata in tsaya a uku. Amma kaina ya riga ya fasu. Na mayar da katifar ɗaya bangon, na shimfiɗa zanin gadon Sista mai furanni, na cire labulena na rataye wani zanenta a taga. Na buɗe ƙofa a hankali, na gyara murya irin ta masu gida, na ce, "Wannan kuma ɗakin baƙi ne, Inna. Duk wanda ya zo daga gida, ga wurinsa."

Sista na zaune a kan bokitina a baranda, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Oga, ni gyara na koya maka. Wannan kam fim ne. In Mama ya zo fa?"

Na ce ta kwantar da hankalinta. Inna ba ta taɓa wuce Zariya ba, ko a can ɗin ma amai take yi a mota. Me zai kawo ta Abuja?

Na haɗa, na tura. Bayan kamar awa ɗaya Inna ta kira. Ban taɓa jin muryarta haka ba, alhamdulillahi take ta maimaitawa, tana sa wa ubangidana albarka, tana sa wa Abuja albarka, har mai gidan hayar da ba ta sani ba ya samu rabonsa. Ta ce yau za ta yi barci da ido biyu a rufe. Na ajiye waya ina jin kaina wani gwarzo. Na ce wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, hankalin uwa na kwantar.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙanwata. Kafin magariba ta jefa bidiyon a guruf ɗin dangi. Kawunnaina suka yi ta aiko da masha Allah, wani ɗan baffana ya turo takardunsa in nema masa aiki. Ita kuma Inna, matar da ko biki ba ta cika zuwa ba, ta ari wayar ƙanwata ta bi gidajen dangi tana nunawa. Gidan da ta fara shiga kuwa na Gwaggo ne, yayar marigayi mahaifina. Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar Inna a bakin komai ba, ni ma haka. Ranar da zan taho Abuja, a gaban mutane ta ce ba wurin irina ba ne, da silifa wari ɗaya zan dawo. Inna ta haɗiye maganar nan shekara biyu. Yanzu ta samu amsa, kuma ni na ba ta ita.

Mako uku bayan nan ina shago waya ta yi ƙara. Gwaggo ce, wadda rabonta da kirana tun ranar da ba ta taɓa ba.

"Ɗan nan, kana lafiya? Ka ji an sa ranar 'yar'uwarka, autata? To mijin a Kubwa yake. Za mu taho jere ranar Alhamis, mu tara har da uwarka. An ce mu kama otal, na ce wane irin otal, ɗanmu na can da ɗakuna huɗu? Ka share mana ɗakin baƙin nan da falo."

Caja na riƙe a hannu, ban san sanda na miƙa ta ga mai sayen batir ba.

Kwana biyar ɗin da suka rage kafin Alhamis babu dabarar da ban gwada ba. Na kira na ce oga zai aike ni Legas ranar Laraba, Gwaggo ta ce ba komai, in bar makulli a wurin maƙwabta. Na ce unguwarmu ba ruwa, ta ce ai akwai 'yan garuwa. Na ce Karu da Kubwa akwai nisa, ga cunkoso, ta ce su da suka taho daga Funtuwa wane nisa zai ba su tsoro? Na samu ubangidana na kwashe labari na faɗa masa, ko zai ara mini ɓangaren gidansa na kwana biyu. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya kira na shagon kusa ya sa na maimaita, sannan ya ce surukansa ne a ɓangaren. Sau biyu ina kiran Inna da niyyar in faɗa mata gaskiya. Duk sanda ta ɗauka sai in ji tana lissafa mini abin da za ta taho mini da shi, daddawa, kuka, man shanu, wai a sa a kicin ɗin nan. Sai kawai in ce Allah ya kawo ku lafiya.

Ranar Alhamis da la'asar bas ta tsaya a ƙofar gida. Ina tsaye na sha wanka, kamar wankan zai ƙara ɗakuna. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya da jakunkuna da ƙunshin labulayen amarya. Inna ce ta ƙarshe, ta yi zuru-zuru saboda wahalar mota, amma bakinta har kunne. Na shige gaba, muka ratsa tsakar gida, muka wuce igiyar shanya da layin bokitai, na tura ƙofata na koma gefe.

Gwaggo ta leƙa, ta dubi katifa, ta dubi risho, ta juyo.

"To, mun ga na maigadi. Mu je ciki."

Na ce, "Gwaggo, nan ne."

"Nan ne me?"

"Nan ne duka."

Wata 'yar baffana ta zaro wayarta ta kunna bidiyon, suka taru a kanta, suna kallon waya suna kallon ɗaki. Ga muryata tana tashi a tsakar gida, "Wannan shi ne falo." Ban taɓa tsanar muryata irin ranar ba. Can sai 'yar baffan nan ta daka tsalle ta ce, "Ku dubi agogon bango! Shi ne a falo, shi ne a kicin, shi ne a ɗakin baƙi!" Kai jama'a! Na kwashe komai sau huɗu, na manta da agogon da ke rataye a saman taga. Wata kuma ta hango kujerar kushin ta ƙofar Sista da ke buɗe, ta ce, "Ga falon can a gidan mutane!" Dariya ta ɓarke, har da masu zama a kan jaka suna share hawaye. Ni kuwa na yi tsuru-tsuru, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafi, ta juya wajen Inna a hankali, ta ce, "To, uwar mai gida. Ke da kika hana mu sakat da waya a hannu. Ina za mu ajiye kayanmu, a falo ko a ɗakin baƙi?"

A nan dariyar ta mutu. Na dubi Inna. Fara'ar nan da ta sauko da ita ta ɓace, ta sunkuyar da kai, ƙullin daddawar da ta taho da shi na hannunta. Ni ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ina buta. Ta yi alwala a bakin rariya, ta shiga ɗakin ta shimfiɗa dardumata ta ta da salla. Da duka ta rufe ni da shi a gabansu, da ya fi mini sauƙi.

Sista ce ta fitar da ni. Ta fito tana tafa hannu tana cewa, "Sannunku da zuwa, Mama! Ai gidan nan duka na yaronku ne, ku shigo." Ta ɗauki huɗu zuwa ɗakinta, matar mai gidan ta ɗauki uku, Inna da wata ƙanwarta suka zauna a nawa. Gwaggo ta kwana a kan kujerar falon nan da ta gani a bidiyo, ni na lallaɓa wurin wani abokina.

Washegari da safe, kafin su wuce Kubwa, Inna ta sa aka kira ni. Ita kaɗai ce a ɗakin, zaune a bakin katifa. Na durƙusa na gaishe ta, na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Cewa na yi ka nuna mini inda kake kwana. Na ce maka gidan gwamna nake son gani? Da wannan ka nuna mini, wallahi da na yi murna, ni da aka ce mini a kan kwali kake." Sannan ta ce, "Gida goma sha ɗaya na shiga da wayar nan. Da ƙafata."

Na kasa ɗaga kai.

"Ɗauko wayarka. Tunda ka iya, ka ɗauke ni a nan, yadda ɗakin yake."

Na ce Inna don Allah a bar maganar, za ta wuce da kanta. Ta ce in ɗauko. Na yaye labule, na kunna. Ta gyara zama, ta dubi wayar tsaf, ta yi sallama, ta gaida dangi manya da ƙanana. Sannan ta ce, "Wannan shi ne ɗakin yaron nan a Abuja. Ɗaya ne, ba huɗu ba. Na shiga gidajenku na nuna muku abin da ba haka yake ba, ban sani ba. Ku yafe ni." Ta ƙara da cewa, "Amma ga shi kuna gani, da rufi, da ƙofa, da makulli, kuma da guminsa ya kama. Ni dai na gode wa Allah."

Ni ne ɗanta na fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta yabona a gaban kowa, haka aka tarbiyyantar da ita. Sai ga ta zaune a kan katifata tana neman gafarar dangi a kan laifin da ni na yi, tana kuma kare ni a cikin numfashi ɗaya. Hawaye suka cika mini ido har ban ga inda zan taɓa in tsayar ba. Ta ce kada in yanke komai, kuma ni zan tura da hannuna, ba ƙanwata ba. Na tura tana kallo.

An sha min dariya a guruf ɗin nan fiye da wata guda. Har yau in na je gida yaran da ba a ma haifa ba a lokacin sun san ni da mai ɗakin baƙi, Gwaggo kuma in mun gaisa sai ta tambaye ni ko an ƙara na biyar. Wannan duk ina iya ɗauka, ni na jawo. Abin da ban iya ɗauka ba har yanzu shi ne in tuna kalmar nan ta "ku yafe ni" a bakin Inna.

Ban daina ɗaukar bidiyo ba, ni nake yi wa shagona talla yanzu, kuma ba yabon kai ba, na ƙware. Ina goge kyamara, ina neman haske, ina kawar da tarkace, duk wannan gyara ne kuma halal ne. Amma ba na ƙara wa hoto abin da babu. Abin da na koya shi ne, in ka shirya ƙarya ta yi kyau, ba kai ne za ka ji kunyarta ba ranar da ta tonu. Wanda ya yarda da kai ya ɗauke ta ya kai gidajen mutane, shi ne zai tsaya ya ba da haƙuri. A nawa labarin, uwata ce.